Neman shawara: dokin da nake zanawa da fentin mai ya ƙi yin rai

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa masu zane. Wani bawan Allah ya ba ni aikin hoton mahaifinsa a kan doki ranar Hawan Daushe a Kano, da fentin mai a kan kanbas. Fuskar dattijon ta fito, rawani da alkyabba ma Alhamdulillahi. Dokin ne ya gagare ni. Kili ne, an lulluɓe shi da ado, kuma hoton waya guda ɗaya aka ba ni. Ƙafafun sun sandare kamar na tebur, mahayin bai zauna ba, farin jikin dokin kuma ya yi fayau babu nama. Ta ina zan gyara?

Dattijon Zane, Zariya: Wa alaikumus salam ƙanena. Ko ban ga aikin ba na san ado ka fara yi kafin doki. Ɗauki takarda da gawayi ka zana dokin tsirara, ba sirdi ba linzami, sannan ka sa masa kaya. Kansa shi ne ma'auninka: daga kofato zuwa saman kafaɗa kusan kai biyu da rabi ne, daga ƙirji zuwa ɗuwawu ma haka. Sannan ka san cewa abin da muke kira gwiwa a ƙafar gaba, a jikin mutum wuyan hannu ne, lanƙwasar ƙafar baya kuma diddige ce. Wanda bai gane wannan ba dole ƙafafunsa su sandare. George Stubbs, mai zanen dawakai na Ingila, sai da ya yi fiye da shekara yana feɗe matattun dawakai yana zana ƙashi da tsoka, ya fitar da littafinsa a 1766. Ban ce ka feɗe doki ba, amma nemi zanensa na Whistlejacket ka duba: doki ne zalla, ba mahayi, ba komai a bayansa, kuma ya isa.

Ɗan Barga: Ni ba mai zane ba ne, doki na sani. Malam, mahayi nauyi ne, dole a ga sirdi ya danne bayan doki, ƙafa ta taka likkafa da gaske, cinya ta kama haƙarƙari. Linzaminmu kuma mai kaifi ne, da an ɗan ja doki zai tanƙwara wuya ya buɗe baki, kunnuwa su juya baya suna sauraron mai shi. Ka je barga da sassafe lokacin da ake goge su, ka roƙa a zagaya da ɗaya a gabanka.

Dattijon Zane: Ya faɗi gaskiya. In kuma sukuwa za ka zana wata rana, kada ka miƙe ƙafafu huɗu gaba da baya a sama. Hotunan mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge na 1878 a Amurka sun nuna sai ƙafafun sun tattaru ƙarƙashin ciki suke barin ƙasa gaba ɗaya.

Anti Mai Burushi: Ɗana, maganar fari. Kili ba fari ba ne a ido. Ka shimfiɗa ruwan ƙasa mai duhu da farko, tsinkakke da tafentin, wato ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, ka fitar da haske da inuwa. Inuwar wuya ka haɗa shuɗi da ruwan ƙasa, ƙarƙashin ciki kuma jan ƙura ke haskawa, in akwai dogari kusa har jan rigarsa zai ɗan taɓa jikin dokin. Farin zalla ka bar shi sai ƙarshe, a saman ɗuwawu da karan hanci kawai. Kowane shafi na sama ya fi na ƙasa yawan man linsid, wato man da ake kwaɓa fentin da shi, in ka juya tsarin fentin zai tsage. Kuma lokacin hazo ka jingina kanbas fuskarsa na kallon bango, ƙura in ta kama ɗanyen fenti ba ta fita.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. To Anti, banish fa, wato man ƙyallin da ake shafa wa zane a ƙarshe don kare shi? Mai aikin yana so kafin Babbar Sallah.

Anti Mai Burushi: Kada ka kuskura. Fentin mai yana son aƙalla wata 6 kafin banish na ƙarshe, ko da ka taɓa ka ji ya bushe. Ka ba shi zanen haka ya rataya, ku yi magana tun yanzu cewa za ka dawo ka shafa, kuma ka sa kuɗin a cikin ciniki.