Abin kyauta dai abin kyauta ne

Ɗan Sabon Gari: Wallahi na gaji. Kwana uku ke nan da na goge Windows na sa Ubuntu, wani nau'in Linux, saboda zugar da kuke yi mana kullum, GTA V da nake bugawa lafiya lau yanzu sai jan ƙafa yake kamar akori-kura ta ɗauko siminti, fps (hotuna a daƙiƙa) ko 15 baya kaiwa alhali akwai katin hoto na Nvidia, GTX 1050, a laptop ɗin. Na sauko da direban katin, wato manhajar da ke sa shi aiki, daga shafin kamfanin Nvidia, fayil ɗin nan mai .run, data ta ta ƙare a banza. Araha ba ta ado, abin kyauta dai abin kyauta ne.

Baban Arch: Kyauta? Malam gyara bakinka. Ba sadaka aka ba ka ba, 'yanci aka ba ka, kana iya buɗe cikinsa ka karanta ka gyara.

Ɗan Sabon Gari: To nawa na biya? Sisi. Sunansa kyauta.

Baban Arch: Kamfanin Red Hat kuɗi suke karɓa kuma Linux ne, sai ka ce musu kyauta mu gani

Na Gidan Ƙasa: Shi Windows ɗin da ka goge nawa ka saye shi? Kar mu tona asiri dai

Ɗan Sabon Gari: Da shi na sayi laptop ɗin, ina ruwanka

Injiniya Ƙarami: Oga buga nvidia-smi ka ga me zai ce. Ina zargin Secure Boot, tsarin tsaron da ke tantance manhaja lokacin kunna kwamfuta, ne ya hana direban tashi tunda na .run ba shi da sa hannun da yake yarda da shi, wasan kuma ya koma kan ɗan katin Intel. Cire direban ka sa sudo ubuntu-drivers install, sannan prime-select nvidia, ka yi ristat.

Hajiyar Mint: Ni abin dariyar ma shi ne direban da yake kuka da shi ba buɗaɗɗe ba ne, rufaffen kamfani ne, amma Linux ake zagi. Shi ya sa Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya yi wa Nvidia zagin yatsa a bainar jama'a a Finlan a 2012.

Na Gidan Ƙasa: Hajiya wannan tsohon zance ne, tun 2022 suka buɗe nasu.

Hajiyar Mint: Ɓangaren kanel (zuciyar Linux) kaɗai suka buɗe ɗana, shi ma daga katunan zubin Turing zuwa sama, 1050 ɗinsa tsohon zubin Pascal ne baya ciki. Ka riƙa karanta labari har ƙarshe.

Baban Arch: Ku sayi katin AMD ku huta, Mesa (tarin direbobin hoto na Linux) na zuwa da direbansa a ciki babu saukar da komai, na'urar wasa ta Steam Deck ma da kamfanin Valve ya fitar a 2022 AMD ne kuma a kan Arch Linux aka gina SteamOS ɗinsa, ba Ubuntu ba, na dai faɗa.

Na Gidan Ƙasa: Mun san za a zo nan. Kai ko gaisuwar mutuwa ka je sai ka ce Arch kake amfani da shi. To buga mana Valorant a kai.

Baban Arch: Wannan laifin masu wasan ne da manhajarsu ta kama maguɗi, Proton, mai sa wasannin Windows su yi aiki a Linux, tun 2018 yake tafiyar da dubban wasanni

Injiniya Ƙarami: Oga ka gwada kuwa?

Ɗan Sabon Gari: An ɗauke wuta, caji 9. Amma har yanzu ba wanda ya nuna min rasit, kyauta ne.

Admin: To ya isa haka. Abin da aka tattauna a taƙaice: an tabbatar Linux ba kyauta ba ne 'yanci ne, mai ƙorafi bai kawo hujja ba, kuma yawancin 'yan uwa sun yarda AMD ya fi. Wani ya kawo shawara kan Secure Boot, mai buƙata ya duba sama. Mai son AMD akwai RX 580 ɗina na sayarwa, a same ni ta inbos.