Me ya sa ake fifita ma'adinai a kan ƙwayoyin roba wajen cire siziyom daga ruwan dattin nukiliya?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina nazarin yadda aka tace ruwan da aka sanyaya injinan tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi da ke Japan da shi bayan hatsarin watan Maris na 2011, sai na ga da ziyolayit (wani ma'adini mai ƙananan ramuka) aka kama siziyom-137 (sinadari mai fitar da radiyeshon, wato tururin nukiliya mai illa), ba da ƙwayoyin robar da masana'antu ke tace ruwa da su ba, alhali su ma musayar ayon suke yi, wato su kama wani sinadari daga ruwa su saki wani a madadinsa. Malamai, mene ne dalili?

Malamin Kemistiri:
Wa alaikumus salam. Radiyeshon mai ƙarfi yana tsinka ginin roba har ta daina aiki, ma'adini kuwa yana jurewa. Amma a ganina babban dalilin shi ne iya zaɓe. An kwarara ruwan teku a cikin injinan, saboda haka sodiyom na gishirin teku ya rinjayi siziyom nesa ba kusa ba, kuma robar da aka saba da ita sodiyom zai cika ta tun ba ta kama abin kirki ba. Siziyom ba ya riƙe ruwan da ke kewaye da shi da ƙarfi, don haka yana saurin shiga ramukan ziyolayit ya zauna daram. Na'urar tace ruwa ta kamfanin Kurion ta fara aiki a Fukushima a watan Yuni na 2011, ta Toshiba mai suna SARRY ta biyo baya a watan Agusta, ita har da silikotitanet, wani ma'adinin da ake haɗawa a masana'anta, wanda ya fi ziyolayit iya tsamo siziyom daga ruwan gishiri.

Injiniyar Ruwa:
Malam ya yi bayani, sai dai kada ɗalibinmu ya ɗauka ma'adini ɗaya ne ke biyan kowace bukata, domin yanayin ruwan ne ke yanke hukunci. A cibiyar nukiliya ta Sellafield da ke Ingila, tun 1985 ake amfani da kilinoftilolayit, wani nau'in ziyolayit, amma sai an busa iskar kabon dayoksayid an rage kaifin alkalin ruwan (alkali shi ne kishiyar asid) kafin ya isa gare shi. Tashar Loviisa ta Finlan tana amfani da wani sinadarin kama siziyom mai suna hekzasiyanoferet, wanda alkali mai tsanani ke rusawa. Shi ya sa a cibiyar nukiliya ta Hanford da ke Amurka, inda dattin tankuna ke da alkali sosai, aka zaɓi silikotitanet, aka kuma fara amfani da shi a 2022.

Malamin Kemistiri:
Haka ne, Hajiya. Zan ƙara da cewa abin da ya kama siziyom gam ba ya sakinsa cikin sauƙi, saboda haka ba a wanke silikotitanet a sake amfani da shi. Tulun ƙarfen da ake zuba ma'adinin a ciki, idan ya cika da siziyom, shi kansa ya zama datti. Siziyom-137 yana ɗaukar kimanin shekara 30 kafin rabinsa ya ƙare, yana fitar da zafi, yana kuma farfasa ragowar ruwan da ke cikin tulun ya haifar da iskar haidirojin, dole a bar mata mafita. Ga gishirin teku da ke barazanar cin ƙarfen. Tulunan Fukushima suna ajiye a harabar tashar ana sa musu ido.