Shugabannin sassa sun sha bita, amma da abu ya rikice sai su dire mini shi

Ƙanwarku:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni ke riƙe da wata ma'aikata mai mutum kusan 80, shugabannin sassa shida ne a ƙarƙashina kai tsaye. Aiki kam sun iya. Cikin shekara biyu mun tura su bita sau huɗu: kasafin kuɗi, sasanta rikici, tsara aiki, iya magana da ma'aikata. Amma da zarar lamari ya zo wanda ba ya cikin littafin ƙa'ida, ko bayanai suka ci karo da juna, sai su kwaso shi su dire a teburina, ko su yanke hukunci a gurguje don su rabu da shi. Biyu daga ciki bakinsu ba ya iya furta "ban sani ba tukuna". Ɗaya kuma ba ya iya ɗaukar matakin da zai ɓata wa wani rai. In ƙara musu kwas ne, ko hali ne da ba ya gyaruwa?

Mai Horar da Ma'aikata:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki dakata da kwas tukuna. Kwas yana ƙara wa mutum abin da ya sani, amma kukanki a kan yadda suke kallon lamari ne idan babu amsa a shirye, kuma wannan girmansa daban.

Robert Kegan na Jami'ar Harvard ya daɗe yana nazarin yadda tunanin babban mutum ke ci gaba da nuna bayan ya gama girman jiki. Matakai uku ne suka fi shafar shugabanni. A na farko, mutum yana auna kansa da idon jama'a: me maigida ke so, me abokan aiki za su ce. Idan mutum biyu da yake ganin girmansu suka saɓa, sai ya rasa inda zai dafa. A na biyu ya gina nasa ma'auni, yana iya sauraron kowa ya yanke hukunci ya kuma ɗauki fushin da zai biyo baya. A na uku yana iya ja da baya ya dubi ma'aunin nasa da kansa, ya ga inda ya gaza. Nazarin ya nuna mafi yawan manya ba su kammala shiga na biyu ba, na uku kuwa ƙalilan ne ƙwarai. Tafiya daga wani zuwa wani shekaru take ɗauka.

Mutuminki da ba ya son ɓata wa kowa rai, alamar na farko ce. Kina iya gwadawa: ki zauna da shi minti 45, ya kawo wani hukunci da ya ba shi wuya kwanan nan. Ki tambaye shi me ya fi tsorata shi a ciki. Duk abin da ya ce, ki sake tambaya, "in hakan ta faru, me ya fi muni a gare ka?" Sau uku ya isa. Idan ƙarshen zancen shi ne "za a ce ban kyauta ba", kin san inda yake tsaye. Idan ya ce "da na saɓa abin da na yi imani shi ne daidai", ya fara tsayawa da ƙafarsa. Sai dai kada ki rubuta wannan a fayil ɗin kowa, kada kuma ya shiga batun ƙarin girma. Ranar da suka gane ana ba su maki, za su koyi amsar da ake so su riƙa rera miki ita.

Dattijon Zaure:
Hajiya, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kaya ba ya taruwa a teburin da ba a karɓa. Ki ɗauki mako biyu kina rubuta duk lamarin da aka kawo miki: wa ya kawo, mene ne, wa ya yanke hukunci a ƙarshe. Idan layin ƙarshe duk sunanki ne, to ke kika horar da su a kan haka, kuma horonki ya fi na bita kama jiki.

Daga nan ku zauna tare ku rarraba abin da kika rubuta. Dave Snowden ya fitar da wani tsari mai suna Cynefin a 1999 lokacin yana aiki a kamfanin kwamfuta na IBM, ya raba matsaloli gida huɗu. Akwai bayyananna, wadda ƙa'ida ta riga ta amsa. Akwai mai wuya amma tana da amsa, ƙwararre zai zauna ya gano ta, kamar injin da ke yawan tsayawa. Akwai mai sarƙaƙiya, wadda sai bayan ta faru ake gane sababi, domin mutane ne a ciki suna sauya hali gwargwadon abin da aka yi musu, kamar yawan ajiye aiki ko rashin jituwar sassa biyu. Sai ta hargitsi, wadda ake fara tsayar da jini kafin a yi bincike.

Mutanenki sun ƙware a gida biyu na farko, shi ya sa aka ɗaga su. Kuskurensu shi ne ɗaukar ta uku da kayan aikin ta biyu: su nemi ƙarin rahoto, su kafa kwamiti, su jira tabbacin da ba zai zo ba. Ita ta uku da gwaji ake bin ta. A yi ƙananan gwaji uku zuwa biyar lokaci guda, kowanne na mako huɗu zuwa shida, a ƙaramin yanki yadda in ya lalace ba zai ja ma'aikata ƙasa ba. Kafin a fara, a rubuta abu uku: alamar yana aiki, alamar ba ya aiki, da yadda za a janye shi. A bar gwajin su saɓa wa juna. Inda ake kuskure shi ne a yi gwaji ɗaya tilo, shugaba ya rataya mutuncinsa a kai, sai ya zama babu mai iya cewa ya gaza.

Ki kuma rubuta wa kowa iyakarsa a shafi ɗaya: wannan ka yanke kada ka gaya mini, wannan ka yanke sannan ka sanar da ni, wannan mu yi magana kafin nan. Duk abin da ake iya warwarewa cikin wata guda ba tare da babbar asara ba, ya shiga rukuni biyu na farko.

Mai Lissafi:
Su biyun da ba sa iya cewa "ban sani ba", maganinsu lamba. A hana kowa cewa "tabbas" ko "wataƙila" a mitin. Ya ce kashi nawa cikin ɗari. A buɗe littafin hukunci, kowane babban mataki layi biyar: ranar, abin da aka yanke, abin da aka sani a lokacin, abin da ake sa ran gani da ranar dubawa, da kashin tabbaci. Bayan an tara hukunci 20 ko 30 sai a duba. Wanda yake cewa kashi 90 amma abin yana fitowa sau shida cikin goma, lambar za ta gaya masa ba sai kin yi masa faɗa ba. Wanda ya ce kashi 60 kuma ya faɗi "ban sani ba" cikin mutunci, bai ji kunya ba.

A kula: hukunci mai kyau yana iya haifar da mummunan sakamako, mara kyau kuma ya dace. Abin da aka sani ranar yankewa ake dubawa, shi ya sa ake rubutawa tun kafin sakamako ya gurɓata tunani.

Kafin babban aiki, a yi dabarar Gary Klein wadda ya bayyana a 2007. A ce wa mahalarta, "ku ɗauka shekara ta zagayo, aikin nan ya rushe." Kowa ya rubuta dalilai shi kaɗai na 'yan mintuna, sannan a zagaya ɗaya bayan ɗaya, babba ya yi magana a ƙarshe. Minti 30 ya isa. Bayan aiki kuma, tambayoyi huɗun da sojojin Amurka suka fara amfani da su a shekarun 1970: me aka yi niyya, me ya faru, me ya kawo bambancin, me za a riƙe ko a sauya. A yi shi cikin kwana biyu ko uku, tun ba a fara gyara labari ba.

Ɗan Adawa:
Ku yi haƙuri, ni ina ganin an yi saurin ɗora abin a kan rashin nunar tunani. Ranki ya daɗe, wanda ya yanke hukunci na ƙarshe ya kuskure, me ya same shi? In an tsawata masa a gaban jama'a, to kawo miki komai da suke yi wayo ne. Amy Edmondson ta yi nazari a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar rukunonin da suka fi kyakkyawan shugabanci su suka fi yawan rahoton kuskuren magani. Bayanin da ta kai gare shi: sun fi sakin jiki su faɗa ne, saura kuma suna ɓoyewa. Sai a fara gyara wannan, in ba haka ba littafin hukuncin nan zai cika da ƙarya.

Na biyu, wani kujerar ce ta fi ƙarfinsa a yanzu. Masani Elliott Jaques ya auna nauyin muƙami da tsawon aikin da mutum zai riƙe shi kaɗai kafin a ga sakamako, da iyakoki a wata uku, shekara ɗaya, biyu, biyar, goma. Wanda ya saba da aikin wata uku aka ɗora masa na shekara biyu, zai riƙa yayyanka shi yana neman sa hannu a kowane yanki. Matakan Kegan ɗin ma taswira ce, mutum yana iya tsayawa da ƙafarsa a wani fanni ya zama ɗan amshin shata a wani.

Mai Horar da Ma'aikata:
Malam ya yi gaskiya, nasa ne farko a jeri. Ƙari ɗaya ga wanda yake son sauyawa amma ya kasa. Kegan da Lisa Lahey suna da jadawali mai gida huɗu. Na ɗaya, burinsa: in riƙa faɗin matsayina ko ba za a ji daɗi ba. Na biyu, abin da yake yi saɓanin haka: ina ɗage mitin, ina cewa "daga sama aka ce". Na uku, alkawarin ɓoye da ya yi wa kansa: kada a taɓa ganina a matsayin mugu. Na huɗu, zaton da ke riƙe da alkawarin: in na ɓata musu rai sau ɗaya, ba za su ƙara ba ni haɗin kai ba. Aikin duka a gida na huɗu yake. Ya gwada zaton a ƙaramin abu, ya ƙi wata buƙata ɗaya da bakinsa, ya rubuta abin da ya biyo baya cikin mako. Yawanci gida na uku ake lalatawa, mutum ya rubuta abin yabo irin "ina son zaman lafiya". In bai ji nauyin karanta shi a fili ba, bai tono ba tukuna.

Ƙanwarku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maganar Baba Dattijo ta taɓa ni, ban musa ba. Amma duk wannan a lokaci guda zai yi yawa. Da me zan fara, kuma yaya zan san ana ci gaba?

Dattijon Zaure:
Wata na farko, rubutun mako biyu da shafin iyaka kawai. Wata na biyu, kowa ya karɓi matsala ɗaya ta gaske wadda ba ta da amsa kuma ta ratsa sashen wani, domin dole ya ji ra'ayin da ba nasa ba. Ɗaya tak. Zafi in ya yi yawa mutum komawa yake ga tsohon hali. Su shidan su riƙa zama sa'a ɗaya da rabi duk mako biyu ba ke a ciki: mutum ɗaya ya kawo lamarinsa minti 10, saura su yi tambaya kawai minti 20 ba shawara, sannan ya juya baya ya saurare su suna tattauna shi. Ke kuma minti 30 da kowa sau biyu a wata. In ya kawo miki abu, ki tambaye shi me yake gani, me zai sa ya sauya ra'ayi, wane mataki ne ake iya janyewa, sannan ki yi shiru. Shirun nan ya fi komai wuya.

Ki sa rai watanni biyu ko uku na farko aiki zai ɗan yi nauyi, za a kuma yanke wasu hukunce-hukuncen da ke ba haka za ki yi ba. In kika ƙwace ɗaya, sauran biyar sun gani. A wata na shida ki maimaita rubutun mako biyun ki kwatanta: nawa aka kawo miki, nawa suka zo da zaɓi biyu ko uku a hannu, kuma labari mara daɗi kwana nawa yake yi kafin ya iso teburinki.