Musayar Waƙa: Leƙen Taga

Ɗan Zaure:
Assalamu alaikum sha'irai. A 2012 wani mai ɗaukar hoto, Arne Svenson, mazaunin unguwar Tribeca a New York, ya juya kyamararsa mai jawo nesa kusa ga benen da ke fuskantar gidansa, mai manyan tagogin gilashi. Ya riƙa ɗaukar maƙwabtansa ba su sani ba. A 2013 ya baje hotunan a zauren baje kolin hotuna na Julie Saul da sunan The Neighbors. Wasu iyaye da suka ga 'ya'yansu a ciki suka kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya da hujjar 'yancin faɗin albarkacin baki, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2015. Abin ya tsaya mini a rai. Amsa-amonmu "ba".

Ya ja baya can cikin ɗakinsa,
Ya yi shiru, duhu ne mayafinsa,
Maƙwabci na barcin ranarsa,
An ɗauke shi bai ji sallama ba.

Wata ta durƙusa a kan daɓe,
Mata da miji a tebur sun keɓe,
Shi ko yana daga nesa ya laɓe,
Ya sai da sirrinsu bai tambaya ba.

'Yar Birni:
Yaya, ka saurara a yi adalci,
Mai hoton nan bai nufin cin mutunci,
Fuska a kauce, haske da kaɗaici
Ya nuna, bai kira sunan kowa ba.

Kai ka gina bangonka da gilashi,
Ka ɗage labule rana ta haska shi,
Na ƙetaren titi ya ɗago ya dube shi,
Bai haura katangar kowa ba.

Na Tsangaya:
Tun muna allo muka ji gun malami,
Ido ma, ƙanwata, yana da linzami,
Leƙen taga aikin azzalumi,
Ko da mai gida bai ja labule ba.

Hadisin na cikin Bukhari: wani ya leƙa ɗakin Annabi (SAW) ta wata kafa, sai ya sanar da shi cewa saboda ido aka sanya neman izini. Shi ya sa kakanninmu suka gina zaure da ƙofofin da ba sa kallon juna, baƙo ya tsaya ya yi sallama ba tare da ya hango tsakar gida ba.

Mai Hoton Biki:
Allah ya gafarta Malam, a bar ni in sa baki, don hannuna na cikin wannan aiki.

Ni hoton biki ne sana'ata,
In na saita, Hajiya kan ce in dakata,
Ta ja gyale, ta gyara ɗankwalinta,
Kafin nan ba ta yarda na danna ba.

Wannan ɗan jinkirin shi ne ikonta,
Ita ke zaɓen yadda za a gan ta,
Matar Tribeca an ƙwace nata,
Ba a ba ta daƙiƙar gyarawa ba.

Mai gani a ɓoye shi ke da mulki,
Ya zaɓi lokaci, ya zaɓi sashen jiki,
Ya rataya a bango a zo a yi mamaki,
Mai jikin ko ba a gayyace shi ba.

'Yar Birni:
Wannan ya shige ni, Yaya. Amma tsorona kada a yi wa masu fasaha kuɗin goro. A 2010 wata mai fasaha, Marina Abramović, ta zauna a gidan adana zane na MoMA, a New York ɗin dai, sama da awa 700, duk wanda ya so ya zauna gabanta.

Ta zauna kan kujera ba ta magana,
Ka zo ka zauna ku zuba wa juna
Ido, wasu har hawaye suka nuna,
Kallo kaɗai, ba a ce uffan ba.

In an kafa doka mai ɗaure kallo,
Mai ɗaukar kasuwa da 'yan ƙwallo,
Da mai zanen mutane a kan allo,
Ba za su tsira daga sammaci ba.

Ɗan Zaure:
Ƙanwata, hujjar gilashi an gwada ta a Ingila. A 2016 gidan zane na Tate Modern ya buɗe dandalin hangen gari a saman sabon gininsa, mazauna benen gilashin da ke daura da shi suka kai ƙara. A 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba mazaunan gaskiya.

A Landan kallo ya koma sama,
Hawa na goma, baƙi da dama,
Suna ɗaukar falon mutane ba sallama,
Mai gida bai sha iskar tagarsa ba.

Alƙalai uku cikin biyar sun ce cuta ce,
Nasu ma gilashi ne, hujjarki ta kauce,
Marina kuwa zaman nata yarda ce,
Yaran Tribeca ba su yarda da komai ba.

'Yar Birni:
A kan yaran na sallama, Yaya, shi kansa Svenson ya janye hotunansu daga zauren bayan iyayen sun koka. A kan manyan kuwa da sauran magana. Baitina na zuwa gobe bayan la'asar, in sha Allah.