Flowerbomb ko La Vie Est Belle, wanne zan ɗauka?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Turare ɗaya zan saya amma na rasa wanda zan ɗauka tsakanin Flowerbomb na Viktor & Rolf da La Vie Est Belle na Lancôme, na fesa su a 'yar takardar nan ta gwaji wallahi hancina ya kasa raba su, duk zaƙi-zaƙi nake ji. Na zuwa aiki nake so, wanda zai kai ni yamma kuma ba zai cika ofis ya dami mutane ba.

— Wa alaikumussalam. Ba laifin hancinki ba ne 'yar uwa, dama 'yan gida ɗaya ne, Olivier Polge yana cikin waɗanda suka haɗa su duka biyun, Flowerbomb ya fito 2005 ɗayan kuma 2012, kuma kowanne akwai patchouli (wani ganye mai ƙamshi) a ƙamshinsa na ƙarshe. Sai sun kwanta a jiki kike gane su. Flowerbomb fure ya fi yawa, wardi da yasmin da ɗan ƙamshin shayi a farko, shi kuwa La Vie zaƙin alewa ne da banila sai wani ƙamshi kamar na hoda.

— Ni dai in ofis ne Flowerbomb zan ce miki. La Vie yana da daɗi sosai amma akwai shi da tashi, balle lokacin zafi, kin wuce ma ana jin ki.

— Anti ki bar takardar nan, ba da ita za ki fita ba ai. Fesa ɗaya a wuyan hannun dama ɗaya a na hagu, kar ki murza, ki tafi harkarki. Abin da kike ji a mintunan farko shi ke fara gudu, wanda ya rage bayan awa 3 ko 4 da shi za ki wuni. Kuma kar ki yi ta kai hanci kowane minti, gajiya yake yi ya daina ji.

— Fatarki mai maiƙo ce ko busasshiya? Don busasshiyar fata ba ta riƙe turare, sai kin shafa mai marar ƙamshi tukun.

— Busasshiya ce kam sosai. To ko shi ya sa turare ba ya daɗewa a jikina? Zan koma in gwada a hannu in sha Allah, na gode muku.

— In haka ne kar ki cire La Vie a lissafi tukuna, feshi ɗaya tak a kan mai zai iya kai ki yamma ba tare da ya dami kowa ba. Ki nemi 'yar ƙaramar kwalbar gwaji ta kowanne, ki ba kowa ranarsa daban.