Wane maganin hawan jini ya dace da yaro?

A zaman da iyaye suka yi da ma'aikatan lafiya a Sakkwato, an nanata cewa hawan jinin ƙaramin yaro sau da yawa daga ƙoda yake, don haka a fara gwada fitsari da jini. In furotin (sinadarin gina jiki) na zuba a fitsari, enalapril ko lisinopril sun fi dacewa, sai dai sukan kawo busasshen tari. Nan ake komawa losartan. Duka ukun suna cutar da ɗan tayi, kuma 'yan matanmu kan yi aure da wuri. Wani maganin, amlodipine, kan kumbura ƙafa. Magunguna masu sa yawan fitsari kuwa, ina tsoronsu a zafin bazararmu, don suna iya rage ruwan jiki. Likita ke auna magani bisa nauyin yaro; don Allah kada a gutsura masa ƙwayar kakarsa.