Iyaye sun daina kawo yara wurin magani, yaya za mu yi?

Salama 'yan'uwa. Mu masu sujada da Hausa ne a Agege. Kowane wata muna zuwa wani ƙauye a wajen Badagry, tare da nas biyu, muna ba yara maganin tsutsar ciki, Albendazole, da gwajin zazzaɓin cizon sauro kyauta.

Tun da muka fara koya wa yaran waƙoƙin coci bayan magani, iyaye suka ja da baya. Wata uwa ta ce magani muke sayen 'ya'yansu da shi. Gaskiya maganar ta dame ni. Ga shi yawancinsu Egun suke ji, tafintanmu Yarabanci kawai ya iya.

Shin mu raba ranar magani da ranar wa'azi, ko mu fara ganin baale, wato mai garin? Wanda ya taɓa irin wannan aiki ya taimaka.